Ma'anar kalmar taiga da yadda ake amfani da ita

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da kalmar taiga a darasin labarin ƙasa da kuma rahotannin gobarar daji a Rasha. Me take nufi, kuma shin daidai ne a fassara ta da kurmi?

Amsa: Taiga suna ne na makeken dajin nan na ƙasashen sanyi wanda ya yi wa arewacin duniya ɗamara, tun daga Norway da Sweden da Finland, ya ratsa Siberiya ta Rasha, ya tsallaka zuwa Alaska da Kanada. Babu wani nau'in daji a doron ƙasa da ya kai shi faɗi. Kalmar ta shiga harsunan duniya ne ta bakin Rashawa, su kuma masana harshe suna danganta asalinta da harsunan mutanen Siberiya.

Abin da ya bambanta wannan daji shi ne irin itatuwansa. Galibinsu dogaye ne, miƙaƙƙu, masu siririn ganye kamar allura, kuma rassansu suna rankwafowa ƙasa ta yadda ƙanƙarar da ta sauka a kansu za ta zame ba tare da ta karya su ba. Yawanci ba sa kaɗe ganye, in ban da wani jinsi da ya mamaye gabashin Siberiya, inda sanyi kan wuce digiri 50 ƙasa da sifili, ƙasa kuma ta daskare shekara da shekaru. Hunturu kan ci rabin shekara ko fiye, lokacin ɗumi kuwa gajere ne, kuma a cikinsa ne gobarar da kake ji take tashi.

Wajen amfani akwai ɗan saɓani da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. A Rasha dajin gaba ɗaya ake kira taiga, amma a Kanada an fi keɓe kalmar ga gefen arewa, inda itatuwa suke gajarta suna yin jefi-jefi kafin a shiga tundura, filin da bishiya ba ta iya girma a cikinsa.

Game da kurmi kuwa, ban ga dacewarsa ba, domin Bahaushe in ya ji kurmi, hankalinsa yakan tafi ga dajin kudu mai zafi da yawan ruwan sama da itatuwa iri-iri a cunkushe, alhali a taiga mutum zai yi tafiya mai nisa bai ga fiye da 'yan jinsunan bishiya ba. Gara a bar kalmar yadda take, a farkon ambatonta a ƙara da cewa dajin ƙasashen sanyi ne na arewacin duniya.