Otal mai taurari biyar a Malta: a ina yashin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana muke cika shekara 10 da aure, ina so in kai maiɗakina hutu na mako guda a tsibirin Malta. Na ga wani otal mai taurari biyar a unguwar St Julian's, an rubuta cewa a bakin teku yake, hotunansa kuma sun yi kyau ƙwarai. Kuɗin ba kaɗan ba ne. In biya, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Kada ka biya tukuna, domin a Malta "bakin teku" ba lallai ne ya zama bakin yashi ba, kuma a nan ne mutane suka fi yin da-na-sani.

Malta ƙasa ce ƙarama, faɗinta murabba'in kilomita 316 ne kacal, tana kudu da tsibirin Sisili na Italiya a tsakiyar Bahar Rum. Mafi yawan gaɓarta dutse ne. Galibin manyan otal-otal ɗin bakin teku na St Julian's da maƙwabciyarta Sliema a kan falalen dutse aka gina su: akwai wurin wanka na otal, akwai kujerun kishingiɗa, sai tsani na ƙarfe da mutum zai bi ya sauka cikin ruwa mai zurfi kai tsaye. Ga gwanin iyo, wannan daɗi ne. Amma idan Hajiya ba ta iya ruwa ba, abin da take so shi ne ta taka yashi, ruwa ya taɓa mata idon sawu, to za ta kwana bakwai tana kallon teku daga nesa. Ga kuma Paceville a cikin St Julian's ɗin, wato unguwar gidajen rawa da mashaya, inda kiɗa ba ya tsayawa sai goshin asuba a lokacin zafi. Ni dai ba na tura ma'aurata masu neman natsuwa can.

Yashi na gaske yana arewacin tsibirin. Mellieha Bay ce mafi girma, ruwanta ba zurfi, sai ka yi tafiya mai ɗan nisa a ciki bai wuce gwiwa ba. Golden Bay tana fuskantar yamma, rana a gabanka take faɗuwa cikin ruwa, kuma akwai babban otal a samanta. A tsibirin Gozo, wanda jirgin ruwa ke kai mutum cikin kamar minti 25 daga tashar Cirkewwa da ke arewacin Malta, akwai gaɓar Ramla mai jan yashi. Saboda haka ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarka, ka dubi otal ɗin daga sama. Abin da ke tsakaninsa da ruwa, yashi ne, dutse ne ko titin mota, ba zai ɓuya ba.

Sai batun ɗaki. Ɗakin da barandarsa ke fuskantar teku daban, wanda sai ka leƙa ta gefe kafin ka hango ruwa daban, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Ka rubuta musu su tabbatar maka a rubuce wanne za su ba ka. Ka kuma duba abin da kuɗin ya ƙunsa. Haruffan BB na nufin ɗaki da karin kumallo, HB kuma an ƙara abincin dare. Akwai tsarin da ake cewa komai na ciki, amma a cikin tsadarsa har da kuɗin giya, wanda ba ruwanku da shi. HB ya ishe ku. A cikin wasiƙar ka gaya musu ku Musulmi ne: su kwashe barasar da ke ƙaramin firjin ɗaki, kuma idan za su yi muku kyautar murnar zagayowar ranar aure, su kawo kayan marmari a madadin kwalba. Otal mai daraja ba ya jin nauyin irin wannan roƙo, kuma yadda suka amsa maka zai nuna maka irin hidimarsu tun kafin ka taka ƙasar.

A kan abinci, ku dogara da kifi. Zomo ne abincin da Maltawa suka fi alfahari da shi, sai dai galibi da giya ake dafa shi, naman alade ma yana da yawa a teburin safe. Idan kuka je daga ƙarshen Agusta zuwa gaba, lokacin kifin lampuki ne, ku nema. Masallacin Juma'a yana garin Paola, wato Masallacin Mariam Al-Batool. Wani abin da ke burge ni da ƙasar: Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, harshen Maltawa kuwa daga Larabci ya samo asali, har Kiristocinsu "Alla" suke cewa, kuma za ka ji mai kanti ya ce "ħamsin" yana nufin hamsin ɗinmu. Turanci ma harshen hukuma ne, ba za ka sha wahalar magana ba.

Lokaci kuma, Yuli da Agusta su ne tsada da cunkoso. Na fi son Satumba zuwa farkon Oktoba: ruwa na nan da ɗuminsa, jama'a sun ragu, farashi ya fara sauka. A watan Mayu gari na da daɗi, amma teku da sauran sanyi.

Malta na cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ta bai ɗaya, tun 2007, kuɗinta Yuro ne. Za ku nemi biza, tare da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000 da shaidar masauki. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, ta Santanbul aka fi bi daga Abuja ko Legas. Don haka ka kama ɗakin a farashin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada, kada kuma ka biya kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito a fasfo ɗinku duka biyu.