Hotunan Gidanmu a Nima

Malam, ka ga hoton auren ƙanwata, amarya da kente, zanen saƙin gargajiya na Gana, a kafaɗa, ango da babbar riga da zanna, shi ne kake tambaya wai mu 'yan Zangon Gana har yanzu Hausawa ne? Tambayar ta sosa mini rai, amma gara da ka tambaya a fili.

Kenten nan na dangin kakarmu ne. 'Yar ƙabilar Ga ce ta Akra, ta musulunta kakanmu ya aure ta, shi kuma Bakano ne da fataucin goro ya kawo. Ku a can kuna ganin auren 'yan ƙasa kamar zubar da asali ne. Matar nan ita ta riƙa tashinmu sallar asuba, ita ta kai mu makarantar allo da hannunta. Me zai sa mu ɓoye tufafin danginta a hoto?

Hoto a wurinmu ba ado ba ne kawai. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Zango ya watse. Mutanen da aka haifa a Kumasi da Akra, waɗanda ba su taɓa taka Kano ba, suka hau motoci zuwa wai garinsu. Baffana na cikinsu. Tun daga nan abin da ke tsakaninmu da shi sai wasiƙa da hoto. Kowace Sallah babanmu kan jera mu a shagon mai hoto, a sa wa maza hula, a ɗaura wa mata ɗankwali, a ba direban motar goro ya kai. Amsa ta dawo da hoton 'ya'yan baffa a ƙofar gidansu. Da haka muka san fuskokin juna. A 1983 kuma Shagari ya kori 'yan Gana daga Najeriya, wasu danginmu suka sake kwasar kaya.

Shi ya sa aikin James Barnor, mai ɗaukar hoto ɗan Gana, yake taɓa ni, ko da yake shi ba Bahaushe ba ne. An haife shi a Akra a 1929, ya buɗe shagon hoto mai suna Ever Young a unguwar Jamestown ta Akra, ya tafi Ingila a 1959, ya yi kusan shekara 10 yana ɗaukar 'yan Afirka mazauna Landan, sannan ya dawo gida. Dubi mutanen da ke hotunansa: sun tsaya a titin Turawa kai a ɗage, ba alamar neman afuwa, ba su kuma yar da gida ba. Tsayuwar kakanmu ke nan a hotonsa da rawani, a ƙasar da ba a haife shi ba.

Hausarmu kuwa, na sani, dariya take ba ku. Mukan ce "ya zo" ko da mace ce, kuma Turanci da Tuwi, yaren Asante, sun shiga bakinmu. Amma da ita ake wa'azi a masallatan unguwannin Nima da Sabon Zango na Akra, da ita Badagombe da Bazabarme da Bamoshe suke ciniki. Mu muka riƙe ta a nan fiye da shekara ɗari.

Abin da ke damuna shi ne, a nan wasu har gobe baƙi suke kiranmu, in mun je Kano ziyara kuma 'ya'yan baffan nan, da hotunanmu ke rataye a ɗakin uwarsu, sai su ce 'yan Gana sun iso.