Amsa ga malamar CE2 (aji huɗu na firamare) kan zanen hasumiyar fitilar bakin teku

Malama, sannu da aiki. Kin ce darasin zane ya kawo ki kan hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya da dare, alhali yaran Yamai kogin Kwara kaɗai suka sani. To, kada ki fara da teku, fara da ginin. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, faɗi a gindi tana tsukewa zuwa sama, ita ce siffar da kike nema. Sai ki kawo hoton hasumiyar fitila ta Mamel da ke Dakar, wadda aka gina a 1864 bisa tudu, su ga bambanci: wannan ɗakin gilashi ne a kanta, da fitila mai juyawa.

Su gwada a allo da alli kafin a taɓa takarda. Takardar a tsaye, a ninke ta biyu a buɗe. Layin ninkin nan shi ke hana hasumiya karkacewa, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Gindi santimita 6, sama santimita 4, tsawo 15. Su ɗiga ɗigo huɗu, su haɗa da abin ja layi. A sama baranda mai ɗan fi wuyan ginin faɗi, sai ɗakin fitila, sai rufi kamar malafa. Ƙofa ɗaya, tagogi biyu ko uku ƙanana. In taga ta yi girma, ginin ya koma ɗakin kwana.

A jikin ginin a yi ratsin ja da fari, su ɗan lanƙwasa ƙasa kamar bakin ƙwarya, domin miƙaƙƙen ratsi yana mai da gini kamar katako. Ki gaya musu ba ado ba ne, da shi matuƙi ke gane hasumiya da rana.

Layin da ruwa ya haɗu da sama sai an gama ginin, kuma ya tsaya a gefe ɗaya ya ci gaba a ɗaya gefen, in ba haka ba zai yanka hasumiyar biyu. Duwatsu a gindi dole ne, don yara kan bar ta tsaye cikin ruwa.

Hasken shi ke da wuya. Layi biyu daga fitila, suna buɗewa zuwa bakin takarda. A goga kyandir sosai tsakaninsu, sannan a shafa ruwan bula ta wanki da auduga: ko'ina zai yi shuɗi, wurin kakin ya zauna fari. Mai son rawaya ya sa ta kafin kyandir, in ta hau shuɗi kore za ta ba shi. Takardar kaye, wato littafin rubutu, ba ta jure ruwa, a nemi mai kauri. Kuma ki hana su zana rana a kusurwa tun da wuri, dare ake zanawa.

Zama biyu ya isa, na farko fensir, na biyu launi.