Tambayi Likita: Cututtukan ne suka sake, ko mu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Watan jiya mahaifinmu ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Kakarmu ta ce a zamaninsu ƙyanda da agana da tarin fuka suka sani, ba wannan ba. Shin cututtukan ne suka sake, ko mu ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Kaka tana da gaskiya. Agana dai an gama da ita, tun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da hakan. A 1990 yaran da suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar sun haura miliyan 12. A 2022 ba su kai miliyan 5 ba, albarkacin rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari. To yaron da ƙyanda ta bari yana goye, shi ne yau ya kai sittin, jijiyoyin jininsa sun sandare. A 2019, cikin mutum miliyan 55 da suka rasu a duniya, kusan kashi 74 cikin ɗari cututtukan da ba a ɗauka ne ajalinsu. Toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba da kusan miliyan 9, sai abin da ya sami Baba yana biye.

Amma ki gaya wa Kaka, cikin ladabi, shanyewar jiki ba baƙuwa ba ce. A da ma ana faɗuwa a bayan gida, sai a ce iska ce ta buge mutum, don ba mai awo. Har yau ma kafin la'asar mun yi jana'iza, ba takardar da ta rubuta sanadi, shi ya sa alƙaluman ƙasarmu yawanci ƙiyasi ne.

Abin da ke damuna shi ne, Turai ta sauke tsohon kaya kafin ta ɗauki sabo, mu kuwa an ɗora mana sabon a kan tsohon. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin mutum 608,000 a 2022, kusan ɗaya cikin uku 'yan Najeriya ne. Na taɓa kwantar da yarinya mai jijjiga da safe, kafin azahar sai ga kakanta da ya kawo ta ya zube a baranda, awon hawan jininsa ya wuce 200. Aljihu ɗaya ya biya kuɗin gado biyu.

Ƙirga kaburbura kaɗai ma ba ya nuna nauyin cuta. Tun farkon shekarun 1990 masu binciken lafiya Christopher Murray da Alan Lopez suka fito da lissafin da ke haɗa shekarun da mutuwa ta yanke da waɗanda mutum ya yi cikin jinya. A wannan ma'aunin ciwon baya da ciwon damuwa suna can sama, duk da ba kasafai ake kai mutum makwanci saboda su ba. Wanda ya tsira daga shanyewar jiki yana iya shekara goma a kwance, 'yarsa ta bar makaranta don juya shi.

Ke da 'yan'uwanki yanzu, tunda hawan jini, mai jawo shanyewar jiki, yana bin dangi kuma ba ya sallama, ku je a auna ku ko da kuna jin garau. In awo ya riƙa kai 140/90, a ga likita, kuma ba a daina magani don kai ya daina ciwo. Gishirin yini kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin magi. A rage kanwa ma. Likitocin Zariya sun daɗe da danganta kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. In za ku je awon, ku tafi da Mama, ita ce aka fi mantawa a lokacin takaba.