Kada ka sa katinka a tallar wani

Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya turo min saƙo da daddare. Ya ce: "Oga, wani mai shagon kayan sola yana so in buɗe masa talla a Google. Ya ce in fara da katina, ƙarshen wata zai biya kuɗin tallar da ladana gaba ɗaya. In karɓa? Kuma nawa zan sa masa a rana?"

Kada ka karɓa. Da na karanta saƙon nan sai da barci ya gagare ni, domin da irin wannan maganar aka raba ni da filina na hanyar Shika.

A 2023 ne, bayan ƙaramar sallah. Wani Alhaji mai sayar da batir da inbata da farantin sola a Sabon Gari ya aiko a kira ni. Wani surukina ne ya haɗa mu. A lokacin yawancin katunan naira sun daina biyan kuɗi a waje, ni kuma ina da katin dala. Alhaji ya ce, "Malam, ka fara da naka, ai ni da kai ba ta ɓaci." Na dubi shagon cike da kaya har rufi, na dubi furfurarsa, kunya ta hana ni cewa a rubuta. Muka tsaya a kan dala 30 a rana. Wani abokina ɗan canji ya riƙa ba ni dala bashi ina zubawa a katin, da sharaɗin dala zan mayar masa.

Makonnin farko lafiya lau. Kalmomin da na zaɓa a ɗaure suke, wato sai wanda ya rubuta su ko makamancinsu a Google ne zai ga tallar, kuma tallar ba ta wuce Zariya da Kaduna da Funtuwa ba. Sai ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura 500. Duk mai janareta ya fara lissafin sola. Alhaji ya kira ni yana haki, ya ce in buɗe tallar ko'ina a Najeriya, in mai da ita dala 100 a rana, kasuwa ta buɗe. Na ce Alhaji kuɗin da yawa. Ya ce in daina maganar kuɗi, shi ne zai biya.

Nan na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye maka ba. Don in kamo mutane da yawa, na saki kalmar sola ita kaɗai ba turke, wato duk binciken da ya shafi sola tallar ta fito, ban toshe kalmomin da ba na so tallar ta fito a kansu ba. Washegari aka yi mana rasuwa a wani ƙauye gaba da Giwa inda ba sabis, na yi kwana shida. Da na dawo na buɗe rahoton abin da mutane suka rubuta kafin su danna tallar, sai da hannuna ya yi rawa. Ɗalibai masu neman abin rubuta furojet a kan hasken rana. Masu neman aiki a kamfanin sola. Masu neman yadda za su haɗa inbata da kansu a gida. Masu neman na kyauta. Mutanen Legas da Fatakwal waɗanda ba za su taɓa sayen batir daga Zariya ba alhali ga kasuwar Alaba a gefen wasunsu. Kowace dannawa dala ce ta fita daga katina. Na gyara a daren, na ci gaba da aiki, kuma tallar ta koma kawo masu saye na gaske.

Da wata biyu suka cika lissafi ya kusa dala dubu uku. Na buga takarda na kai masa. Alhaji ya juya ta, ya ajiye, ya kira yaransa na shago ya tambaye su a gabana ko akwai wanda ya taɓa shigowa ya ce Google ne ya turo shi. Suka ce babu. Ya ce, "To ka ji. Tsadar mai ce ta kawo min kasuwa." Ina tsaye ana loda batura a a-kori-kura biyu a ƙofar shagon. Na san wasu daga cikin masu kiran nan ni na kawo su, amma da me zan nuna? Lambar shagon ta yau da kullum na sa a tallar. Ban sa komai ya ƙirga masu danna maɓallin WhatsApp a shafinsa ba. Abin da ke hannuna adadin dannawa ne kawai, shi kuwa ɗan kasuwa ba ya sayen dannawa.

Daga nan aka shiga gobe, jibi. Alhaji ya tafi Kano. Alhaji yana ganawa da baƙi. A tsakiyar Yuni an riga an saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, dala ta kama hawa, abokina ɗan canji kuma dalarsa yake jira, kuma da gaskiyarsa. Sai da manya suka shiga tsakani, a Fabrairun 2024, lokacin dala ta wuce naira 1,500, sannan Alhaji ya yarda zai biya rabi, a naira, a kan canjin ranar da muka fara. Aka ce in yi haƙuri saboda zumunci. Na sayar da fili na biya ɗan canji. Har yau in na bi ta PZ zan shiga Sabon Gari, sai in canza layi don kada in ga shagon. Ya ƙara buɗe wani. Ban yafe ba.

Saboda haka ga yadda za ka yi da naka mutumin. Asusun talla da sunansa za a buɗe, da imel ɗinsa, da katinsa. Kai ka haɗa shi da asusunka na manaja, wanda ake kula da asusun wasu ta cikinsa, ka riƙa aiki daga can. In kuka ɓata, ka cire hannunka, ba ka bin kowa, ba a bin ka. Ladanka daban ne, kuma a farkon wata ake biya. Ka kula da irin kuɗin da za ku zaɓa ranar buɗewa, don ba a canza shi daga baya sai an buɗe sabon asusu. Ka gaya masa tun yau cewa akwai harajin VAT na kashi 7.5 da Google ke ɗorawa a Najeriya tun Afrilun 2022, kada ya ga rasit ya ce kai ka ƙara.

Sannan kafin ka kunna komai, ka tanadi shaidarka. Ya sayi sabon layi wanda ba a ko'ina yake ba sai a tallar. Duk wanda ya kira wannan layin, naka ne, ba gardama. Ka sa a ƙirga danna lambar da danna WhatsApp a matsayin sakamako. Yadda ake dasa wannan ba zan tsaya koya maka a nan ba, wata nawa kana zaune kusa da ni.

Batun nawa za ka sa a rana, tambayar da ba ta dace da kai ba ce. Ka tambaye shi ribar inbata ɗaya, ka yi lissafi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, adadin da ka rubuta matsakaici ne. Google na iya kashe ninkinsa biyu a rana ɗaya in ana nema sosai, sai dai a wata ba za a caje ka fiye da adadin sau 30.4 ba. Ka faɗa wa mai shago wannan da bakinka kafin ya ga alat ya kira ka da asuba.

Kalmomi kuwa, ka fara da ɗaurarru. Ko su ɗin yanzu ba kamar da ba ne, suna kamo abin da ke kusa da ma'anarsu. Lokacin da na fara, sunan abin ma AdWords ne, sai a 2018 ya koma Google Ads. Muna da wata dabara ta sa alamar tarawa a gaban kalma, ta zama tsakanin sakakkiya da ɗaurarriya, an cire ta a 2021. Tun Satumbar 2020 kuma rahoton nan na abin da mutane suka rubuta kafin su danna talla ba ya nuna duka, wani kaso a ɓoye yake. Wanda ya rage ɗin shi ne idonka. Ka buɗe shi kullum a makonni biyun farko, ka toshe kyauta, aiki, furojet, yadda ake haɗawa, da duk danginsu. A wajen zaɓen wuri akwai zaɓi biyu, waɗanda suke cikin garin, da kuma har da waɗanda suka nuna sha'awar garin daga nesa. Na biyun ne yake zuwa a kunne. Mai shagon da ba ya aika kaya nesa na farkon yake buƙata. Ka cire alamar da ke kai tallar da ke fitowa a binciken Google zuwa wasu shafukan intanet masu nuna tallar hotuna. Performance Max da ya fito a 2021, wanda abokanka ke ta yayatawa, ka bar shi tukuna. Na'ura ce mai koyo daga sakamakon da ka ba ta, kai kuma ko ɗaya ba ka tara ba.

Abin da ke ɓata min rai da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Mutum ya yi kwas na mako biyu a waya, ya buga kati ya ce shi ƙwararre ne, ya ɗauki hoton adadin dannawa ya sa a sitatus. Ka tambaye shi mutum nawa suka saya, sai ya fara kame-kame. Duk shawarar da ta bayyana a allo sai ya danna amincewa don makin da Google ke ba asusun ya hau ɗari, bai karanta me ya amince da shi ba. Kuna tsoron ku ce wa babba a rubuta yarjejeniya, kuna ganin rashin kunya ne. Ni ma haka na gani, shekaruna sun ninka naku.

Gobe bayan azahar ka same ni a ofis a Samaru da lambar mutumin. A gabana za ka kira shi ka ce katinsa za a sa, kuma rabin ladanka kafin a fara. In ya ce ai shi da kai ba ta ɓaci, ka yi masa sallama cikin ladabi ka kashe wayar. Akwai aikin wata makarantar koyon kwamfuta a Kongo da nake neman wanda zan ba.