Tambaya da Amsa: Na haura sittin, in shiga jirgin ruwa ni kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, sannu da ƙoƙari. Ni dai shekarata 67, na yi ritaya, maigidana kuma Allah ya yi masa rasuwa. Tun yana da rai muke burin shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa da ake kwana a ciki sati ɗaya ko biyu, Allah bai nufa ba. Yanzu na ƙudurta zan je, yara kowa da aikinsa da iyalinsa, ƙawata da muka shirya tare kuma ciwon ƙafa ya sa ta a gaba. Ejan tafiye-tafiye ya ce min akwai ɗakin mutum ɗaya. Ni ba kuɗin ke damuna ba, tsorona kar in je in zama saniyar ware, kowa da matarsa ko mijinta ni ina raɓe-raɓe. Kuma an ce min masu kama irin ɗakunan nan duk matasa ne, ni kuwa ba rawa nake ba, ba na shan komai. In haƙura ne ko in je? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji ya kai haske kabarinsa. Ki je. Amma ba kowane jirgi ba, dan a nan ne mutane ke yin kuskure, sai su ɓata sati biyu suna nazarin ɗaki, faɗinsa nawa, gadon ina ya kalla, su manta da tambayar su waye za su cika jirgin.

Wanda ya ce miki matasa ne bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, rabin labarin ya baki. In kika shiga jirgin kwana uku ko huɗu da ke zagaye tsibiran Karibiyan daga Amurka lokacin hutun makaranta, to eh, kiɗa ne har asuba da yara a guje ta ko'ina. Amma duk sanda tafiya ta haura kwana goma kuma ba lokacin hutu ba, wallahi furfura ce ke da rinjaye, saboda wa ke da sararin barin aiki sati biyu in ba wanda ya ajiye aikin ba? Kamfanin Saga na Ingila ma sai wanda ya kai 50 yake sayar wa tikiti, kuma a jirginsu Spirit of Discovery da ya fara aiki a 2019 kusan ɗaki ɗaya cikin biyar na mutum ɗaya ne, ko wanne da barandarsa. Cunard da Holland America da Fred. Olsen suma an san su da dattawa. Jirgin Queen Mary 2 na Cunard, mai ratsa Atlantika daga Ingila zuwa Amurka a kwana bakwai ba tsayawa, da aka yi masa gyara a 2016 sai da aka ƙara ɗakunan mutum ɗaya guda 15, kinga ai ba dan samari aka yi ba.

Irin ɗakin da ake faɗa miki na matasa, kamfanin Norwegian ne ya fito da shi a 2010 a jirgin Norwegian Epic, ɗakuna 128 suna kiransu Studio, ƙanana ne sosai, wajen murabba'in mita 9, ba tagar da ke kallon teku, sai dai suna da falonsu na kansu wanda katin ɗakinki ne kawai ke buɗe ƙofarsa. Falon nan abu ne mai kyau, da yamma ma'aikaci kan tara masu tafiya su kaɗai a haɗa waɗanda za su ci abincin dare tare, kuma ba a hana dattijai shiga ba, suna nan. Sai dai jirgin babba ne, fasinja dubu huɗu da wani abu, wadda kika gaisa da ita da safe ba lallai ki sake ganinta ba har a sauka. A jirgin da bai kai mutum dubu ɗaya ba ko ya ɗan haura, fuskokin nan dai su za ki ta gani, kafin kwana uku kin san wacce ke jan ƙafa da wanda baya rabuwa da hularsa.

To yanzu ga inda maganar take, teburin abincin dare. Jirage da yawa tsari biyu gare su, ko ki ci lokacin da kika ga dama a duk teburin da aka samu, ko a ba ki tebur guda da lokaci guda da mutane guda har ƙarshen tafiya. Ejan zai iya ce miki na farkon ya fi 'yanci. Ni dai a ganina ga mai tafiya ita kaɗai a karon farko na biyun ya fi, nesa ba kusa ba. Ki ce a rubuta miki tun wajen biyan kuɗi: babban tebur, na mutum shida ko takwas, tare da wasu masu tafiya su kaɗai. Na mutum huɗu ki guje shi, in aka yi rashin sa'a ma'aurata ne da wani shiru-shiru to kin shiga uku, amma a na takwas ko yaya sai an samu mutum biyu da bakinku ya zo ɗaya. Ranar da kika shiga jirgi za ki tarar da lambar teburinki a kati ko a takarda cikin ɗaki, kar ki jira dare, da rana ki gangara ki samu shugaban masu hidimar ɗakin abincin, yakan zauna da jerin sunaye a gabansa dan irin wannan, ki ce ya duba miki da su wa aka haɗa ki. In kika ci dare ɗaya ko biyu kika ga abin bai yi ba ki koma ki ce a canza miki, ba abin kunya bane, kullum ana yi kuma ba wanda zai ji haushi.

Dalilin da yasa na nace kan tebur, abota a jirgi ba ta samuwa da iya surutu, da maimaituwa take samuwa. Daren farko kowa na ɗari-ɗari, daga ina kika zo, karonki na nawa. Dare na uku kina zuwa wata za ta ce mun neme ki wajen lacca ba mu gan ki ba, mai hidima kuma ya riga ya san abin da kike sha ya ajiye kafin ki zauna. Shikenan kin zama 'yar gida. Haka sauran rana, ki zaɓi abu ɗaya ko biyu ki riƙe su a lokaci guda kullum, ko zagayen motsa jiki a farfajiyar jirgi da sassafe, ko gasar kacici-kacici da ake yi ƙungiya-ƙungiya, wadda kusan kullum akwai ƙungiyar da ke neman cikon mutum, ko ajin zane, ko kujera guda a ɗakin karatu. Duk dare za a ajiye miki takardar shirye-shiryen gobe a ɗaki ko ki gani a manhajar waya, ki nemi taron masu tafiya su kaɗai, na ranar farko ko ta biyu shi ne mai muhimmanci dan a nan ake ƙulla ƙawance, ko kin gaji ki daure ki leƙa na minti ashirin. Za ki sha mamakin yawan matan da suka rasa mazajensu a wajen, wasu ma tafiyarsu ta goma ke nan.

Batun rawa da sha kuwa, ba mai sa miki ido. Ki karɓi lemonki ki zauna ki kalli masu yi.

Abu guda da bana so in ɓoye miki, tunda burin ku biyu ne, akwai lokutan da zai faɗo miki a rai da ƙarfi, musamman sanda jirgi ya busa ƙaho yana barin tasha kowa ya fito saman bene yana ɗaga hannu. In kuka ya zo ki bar shi ya zo. Kuma za a tambaye ki ke kaɗai kika zo, ba da mugun nufi ba, ki tanadi gajeriyar amsa tun daga gida, ba dole sai kin buɗe wa kowa cikinki ba. Lambar ɗakinki ma ba kowa ake faɗa wa ba komai daɗin hira. Amma mai gyara miki ɗaki ki gaya masa ke kaɗai ce, dan shi ne zai fara lura in wata rana ba ki fito ba.

TAMBAYA: Malama ni shekarata 72, gwiwa na ɗan taɓa ni kuma ko a mota nakan yi jiri. Ejan ya ce ɗakin mutum ɗaya ba taga, in kuma ina son mai baranda sai na biya kuɗin mutum biyu. Wannan ba cuta bace? Daga wani dattijo.

AMSA: Baba, da zafi kam, amma ba ejan ne ya ƙirƙiro ba. Kamfanonin suna lissafin ko wane ɗaki a kan mutum biyu ne, in ka kama shi kai kaɗai sai su ɗora maka ƙari, wani lokaci rabin kuɗin gado na biyun, wani lokaci dukkansa. Sai dai ba gaskiya bane cewa duk ɗakin mutum ɗaya ba taga. Kamfanin Royal Caribbean ya sa masu baranda a jirginsa Quantum of the Seas tun 2014, na Queen Mary 2 suna da manyan tagogi, na Saga na riga na faɗa a sama. Matsalar su kaɗan ne, suna ƙarewa da wuri, wani lokaci shekara guda kafin tafiya. Kuma saboda rububinsu sai ka ga kuɗinsu ya kusa kamo na ɗakin mutum biyu, dan haka ka sa ejan ya buga maka lissafi biyu ka gani da idonka, harda tambayar ko akwai tafiyar da aka rage ƙarin ko aka yafe shi, ana yi in jirgi bai cika ba.

Amma da gwiwa da jiri, inda ɗakin yake ya fi min tagarsa muhimmanci. Jirgi ya fi lilo a gaba da baya da can sama, tsakiya a hawa na ƙasa shi ne wurin da ya fi natsuwa, kuma wasu jiragen can gaba suka cusa ɗakunan mutum ɗaya, kamar Koningsdam na Holland America. Ka ce a nuna maka taswirar hawan kafin ka biya, ka ƙirga ƙofa nawa ce tsakaninka da lifta, dan manyan jiragen nan tsawonsu ya haura mita 300 kuma sau da yawa za ka taka shi a rana. Ka ga likitanka kan maganin jiri saboda wasu na sa barci wasu kuma basa jituwa da magungunan da dattawa ke sha. Magungunanka su zauna a jakar hannu, akwati yakan yi awanni kafin ya iso ƙofar ɗaki. Inshorar tafiya kuma dole, wadda ta san da ciwon da kake da shi, asibitin jirgi ba kyauta bane. In an tsaya a gari ka bi motar yawon da jirgin ya shirya, ita in ta makara ana jiranta, wanda ya fita da kansa kuwa in lokaci ya cika tafiya ake a bar shi a tasha.

TAMBAYA: Anti, mamata ce ke son zuwa, ba za a iya haɗa ta ɗaki da wata ba a raba kuɗin?

AMSA: Ƙanwata, wasu ƙananan jiragen da ke zuwa wurare irin Antatika suna haɗa mace da mace ko namiji da namiji, amma manyan kamfanoni galibi sai dai ku nemo abokiyar da kanku. Kafin ku amsa ki tambayi Mama ko za ta iya kwana goma da minsharin wadda ba ta sani ba, da fitila a kunne ƙarfe biyun dare, banɗaki kuma guda ɗaya. In ta ɗan yi jim, ku haɗa mata kuɗin nata ɗakin.