Amsa: Da wane albam na mawaƙiyar Japan Utada Hikaru zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce kowa First Love yake ambata maka, kana tambaya ko da shi za ka fara. Ka fara da shi, amma don Allah kada ka tsaya a nan.

Ya fito a watan Maris 1999, Utada tana da shekara 16 kacal, kuma har yau babu albam ɗin da ya kai shi kasuwa a Japan, sama da kwafi miliyan 7. Salon kiɗan R&B na Amurka ya yi masa yawa, ba mamaki tunda a New York aka haife ta. Muryar akwai zaƙi, sai dai ƙuruciya ba ta ɓuya.

Ni wanda ya fi shiga raina shi ne Fantôme na 2016. Ta yi shi bayan dogon hutu, kuma bayan rasuwar mahaifiyarta, mawaƙiya Fuji Keiko, a 2013. Kiɗan ya lafa, ba hayaniya, a wasu wuraren fiyano ne ke riƙe da muryarta. Ka sa abin ji a kunne ka saurari "Hanataba wo Kimi ni". Ko ba ka jin Japananci ko kalma ɗaya, za ka gane 'ya ce take bankwana da uwarta. Wallahi yana taɓa zuciya.

Masoya Hamasaki Ayumi, wata mawaƙiyar Japan, za su ce albam ɗinta A Best ya fi. Tarin fitattun waƙoƙinta ne, rana ɗaya ya fito da albam ɗin Utada mai suna Distance a 2001. A Best ɗin ma ka neme shi daga baya.